DUNIYAR MUSULMI: Yadda Pakistan Ta Rabe Gida Biyu

A wannan mako za mu ɗauko zancenmu ne daga wani abu wanda kowane ɗan kasuwa ya sani, watau buhun algarara. Dattawan da suka ga zamanin dalar gyaɗa a Kano sun san da irin wannan buhu aka gina ta, har yau kuwa ana zuba amfanin gona a cikinsa. Amma kaɗan ne suka taɓa tambayar inda ake noman ramar da ake saƙa shi da ita. Ramar nan 'yar'uwar lalo ce wanda muke miya da shi, mafi yawanta kuwa a duniya daga ƙasar Bangal take fitowa, can gabashin Indiya inda manyan koguna ke zubawa cikin teku. Akasarin manoman gabashin Bangal masu shuka ta, su jiƙa ta cikin ruwa su ɓare zarenta, Musulmi ne. Labarinsu nake so mu duba yau, domin a kansu ne aka yi ɗaya daga cikin manyan masifun da suka auka wa Musulmi a ƙarni na 20.

Mun saba jin ana cewa da Musulmi za su sami ƙasa tasu ta kansu, su kaɗai, da rigima ta ƙare. To, an taɓa gwadawa. Ran 14 ga watan Agusta 1947, sa'ad da Turawan Ingila za su bar Indiya, aka yanki yankunan da Musulmi suka fi yawa aka yi sabuwar ƙasa da su, aka sa mata suna Pakistan, watau ƙasar masu tsarki. Ƙasar ta zo da siffar da ba a saba gani ba, gama ɓangare biyu ce, ɗaya a yamma ɗaya a gabas, tsakaninsu kuwa ƙasar Indiya ce shimfiɗe, tafiyar wajen mil 1,000. Ba su haɗa iyaka ba, ba su haɗa harshe ba, ko cimarsu ma ta bambanta: mutumin Yamma alkama, na Gabas shinkafa da kifi. Abin da ya haɗa su shi ne kalmar shahada, da kuma tsoron kada mabiya addinin Hindu, waɗanda suka fi su yawa, su danne su. Shekara 24 da wata 4 kaɗai wannan haɗi ya yi, sa'an nan ya tsinke cikin jini.

Kada mai karatu ya zaci jawo mutanen Gabas aka yi cikin wannan ƙasa ba da sonsu ba. A birninsu ne, watau Dakka, aka kafa jam'iyyar Muslim League cikin 1906. Ɗansu ne, Fazlul Huq, ya gabatar da shawarar neman ƙasar Musulmi a babban taron Lahor cikin 1940. A zaɓen 1946 kuma Musulmin Bangal sun ba jam'iyyar kusan dukan kujerunsu. Bugu da ƙari su ne masu rinjaye, domin ƙidayar 1951 ta nuna mutum miliyan 42 a Gabas, Yamma kuwa wajen miliyan 34. Ashe ke nan su ma masu gida ne, da hannunsu aka yi ginin.

HARSHE

Ɓaraka ta farko daga harshe ta faro. Cikin watan Maris 1948 Muhammad Ali Jinnah, uban ƙasar kuma Gwamna-Janar ɗinta na farko, ya tsaya gaban dubban mutane a Dakka ya shaida musu cewa Urdu kaɗai ne zai zama harshen Gwamnatin Pakistan. Hujjarsa ita ce ƙasa ɗaya tana bukatar harshe ɗaya, Urdu kuwa da baƙaƙen Larabci ake rubuta shi, ya kuma daɗe yana ɗauke da adabin Musulmin Indiya. Amma fa waɗanda suka sha Urdu a nono ba su kai mutum ɗaya cikin goma na jama'ar ƙasar ba, alhali kuwa fiye da rabi Bangali suke yi. Ma'aikacin Gwamnati ya san ma'anar wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan jarrabawar shiga aiki da takardun ofis da kuɗin da ke hannunka duk da harshen wani aka rubuta su, to, ɗanka ya zama baƙo a ƙasar ubansa.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda wasu manyan Yamma suka shigo da addini cikin maganar. Suka ce harshen Bangali da rubutunsa na Hindu ne, har aka kawo shawarar a riƙa rubuta shi da baƙaƙen Larabci don a musuluntar da shi. Mutumin da ke salla biyar, yana azumi, yana tara taro da sisi don zuwa Makka, sai ya ji ana nuna masa cewa Musuluncinsa da sauran gyara saboda harshen uwarsa. Wannan kuwa ya saɓa wa abin da muka karanta a Suratur Rum, inda aka lissafa saɓanin harsunan mutane da launinsu cikin ayoyin Ubangiji.

Ran 21 ga watan Fabrairu 1952 ɗaliban Jami'ar Dakka suka fito zanga-zanga, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe wasu. Cikin 1956 tsarin mulki ya amince da Bangali tare da Urdu. Abin da aka hana da lalama an ba da shi bayan an zub da jini, saboda haka ba wanda ya gode. Wannan rana ta 21 ga Fabrairu ita ce hukumar UNESCO ta mai da ita ranar harshen uwa ta duniya cikin 1999.

KASUWA DA OFIS

Yanzu sai mu koma kan ramarmu. A shekarun farko ita ce babbar hajar da ke samo wa Pakistan kuɗin ƙasashen waje, kuma duk a Gabas ake noma ta. Ga yadda abin ke tafiya. Idan an sayar da rama a ƙetare, kuɗin suna shiga hannun Gwamnatin Tarayya ne a Karaci. Gwamnati ta tsai da darajar kuɗinta, watau rufi, sama da yadda kasuwa za ta tsai da ita, saboda haka abin da ke isa hannun manomi ya ragu. Sa'an nan sai ta raba kuɗin wajen nan ta hanyar lasin shigo da kaya, wanda ya sami lasin kuwa ya sami injuna da haja da araha. Mafi yawan masu samun lasin da rancen banki attajiran Yamma ne, waɗanda ke kusa da ofisoshin da ake sa hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ne Gabas ta shigo ƙasar da talauci. A 1947 ba ta da masaƙar buhu ko ɗaya, domin duk masaƙun suna Kalkata, wadda ta faɗa rabon Indiya. Gaskiya ne kuma an gina mata wasu daga baya, kamar babbar masaƙar Adamjee ta Narayanganj. Amma masu ita ba 'yan Bangal ba ne, haka ma masu yawancin manyan kamfanonin yankin. Cikin 1968 Mahbubul Haq, babban masanin tattalin arziki na Hukumar Tsare-tsare ta Gwamnatin kanta, ya bayyana cewa gidaje 22 ne kacal ke riƙe da wajen kashi biyu cikin uku na masana'antun ƙasar. Ƙididdigar hukumar ta kuma nuna cewa a ƙarshen shekarun 1950 samun mutumin Yamma ya ɗara na mutumin Gabas da wajen kashi 30 cikin 100, bayan shekara goma ratar ta kai wajen kashi 60.

A ofis ma haka. A tsakiyar shekarun 1950 ba a sami ɗan Gabas ko ɗaya ba cikin Manyan Sakatarorin Gwamnatin Tarayya. A soja kuwa hafsoshi 'yan Bangal ba su kai ɗaya cikin goma ba, domin an gaji ra'ayin Turawan mulki na cewa akwai ƙabilun da aka halitta don yaƙi, kamar mutanen Panjab da Fatan, akwai kuma waɗanda ba su dace da shi ba. Hedkwatar ƙasa tana Karaci, da aka tashe ta sai aka kai ta Rawalpindi, daga nan Islamabad, duk a Yamma. Da aka yi yaƙi da Indiya cikin watan Satumba 1965, sai mutanen Gabas suka waiwaya suka ga runduna ɗaya tak aka bar musu ta tsare su.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. Maulana Abdul Hamid Khan Bhashani, malami ne mai ɗimbin mabiya cikin talakawa, shi ne kuma shugaban farko na jam'iyyar da daga baya ta zama Awami League. A taron Kagmari cikin 1957 ya faɗa a fili cewa in ba a daina wannan danniya ba, wata rana mutanen Gabas za su yi wa Yamma sallama. Ba a saurare shi ba.

ƘURI'A

Sau biyu mutanen Gabas suka kai kukansu ta hanyar akwatin zaɓe, sau biyu aka toshe hanyar. A zaɓen jiha na 1954 haɗin gwiwar jam'iyyun adawa ya kwashe kujeru 223 daga cikin 237 na Musulmi, amma Gwamnatin da suka kafa ba ta cika wata biyu ba aka rushe ta daga Karaci. Tsarin mulkin 1956, wanda ya raɗa wa ƙasar suna Jamhuriyar Musulunci, ya ba kowane ɓangare kujeru daidai wa daida a Majalisa, watau an shafe rinjayen Gabas. Cikin watan Oktoba 1958 soja suka karɓi mulki, Janar Ayub Khan ya riƙe ƙasar fiye da shekara goma.

Cikin 1966 Shaikh Mujibur Rahman, jagoran Awami League, ya fito da bukatu shida. Taƙaitawarsu ita ce Gwamnatin Tarayya ta riƙe tsaro da harkokin waje, kowane ɓangare kuma ya riƙe harajinsa da lissafin kuɗin wajen da ya samo, ya kuma sami dakarun tsaron kansa. Mutanen Yamma suka ce wannan raba ƙasa ne da wani suna. Maimakon a zauna a yi ciniki a kai, kowa ya rage wani abu, sai aka kama shi, aka tuhume shi da haɗa baki da Indiya. Shari'ar ta ƙara masa farin jini ne kawai. Cikin 1969 tarzoma ta tilasta a sake shi, Ayub Khan kuma ya sauka ya miƙa wa Janar Yahya Khan.

Yahya Khan ya yi alkawarin zaɓe, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Ana saura 'yan makonni, ran 12 ga watan Nuwamba 1970 da dare, wata guguwa ta taso daga teku ta afka wa gaɓar Gabas, ta hallaka mutum aƙalla 300,000. Agajin Gwamnati ya yi jinkiri ƙwarai, mutane suna binne 'yan'uwansu suna duban hanya. Ran 7 ga watan Disamba aka jefa ƙuri'a. Daga cikin kujeru 300, Gabas tana da 162, Awami League ta ci 160. A Yamma jam'iyyar Zulfikar Ali Bhutto ta ci 81 daga cikin 138. Bisa ƙa'idar da soja da kansu suka shimfiɗa, Mujibur Rahman ne ya kamata ya zama Firayim Minista na Pakistan baki ɗaya.

Nan ne aka yi kuskuren da ba ya gyaruwa. Bhutto ya ce jam'iyyarsa ba za ta halarci Majalisa ba sai an daidaita da shi tukuna. An sa ran 3 ga watan Maris 1971 don zaman farko a Dakka, ran 1 ga wata Yahya Khan ya ɗaga zaman ba tare da sa wata rana ba. Gabas ta ɗau zafi, aka rufe kasuwanni da ofisoshi, aka daina biyan haraji. Ana ta shawarwari a Dakka, ana kuma ta sauke soja daga Yamma ta jirgin sama.

YAƘI

Ran 25 ga watan Maris 1971 da dare soja suka fito da tankoki cikin Dakka. Suka far wa ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'a da barikokin 'yan sanda da unguwannin talakawa, suka kama Mujibur Rahman suka kai shi Yamma. Kashegari aka yi shelar sabuwar ƙasa mai suna Bangaladash. Wata tara ana yaƙi. An ƙone ƙauyuka, an ci mutuncin mata masu ɗimbin yawa, an kuma bi mabiya addinin Hindu musamman ana kashewa, alhali su amana ne a hannun masu mulki. Wajen mutum miliyan 10 suka yi gudun hijira zuwa Indiya. A kan yawan mamata akwai saɓani mai nisa: Gwamnatin Bangaladash tana cewa miliyan 3, hukumar binciken Pakistan ta ce 26,000, masu bincike da dama kuwa sun sa adadin tsakanin 300,000 da 500,000.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Akwai Musulmi masu jin Urdu, waɗanda ake kira Bihari, da suka yi hijira daga Indiya zuwa Gabas cikin 1947 don su tsira da addininsu. Saboda yawancinsu sun goyi bayan haɗin ƙasa, an kashe dubbansu, kafin yaƙin da cikinsa da bayansa. Waɗanda suka saura suka zauna cikin sansanoni shekara da shekaru ba su da ƙasa, sai cikin 2008 Babbar Kotun Dakka ta tabbatar wa yawancinsu 'yancin zama 'yan ƙasa. Akwai kuma 'yan Bangal, cikinsu har da jam'iyyar Jama'ati Islami, waɗanda suka ga raba Pakistan raunana Musulunci ne, suka taimaki soja. Ƙungiyoyin sa-kai da aka kafa aka ba su sunaye masu daraja irin su Al-Badar, amma ayyukan da ake danganta musu, musamman kisan malaman Jami'a da likitoci da 'yan jarida ran 14 ga watan Disamba, sun bar tabon da har yau bai goge ba.

Wasu kan ce Indiya ce ta raba Pakistan. Lalle Indiya ta horar da mayaƙan Gabas, ta ba su makamai, daga ran 3 ga watan Disamba kuma ta shiga yaƙin da rundunarta. Ran 16 ga wata Janar Niazi ya sa hannu a takardar miƙa wuya a Dakka, aka kama fursuna wajen 90,000. Amma Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukumar da Pakistan ta kafa a ƙarƙashin Babban Alƙali Hamoodur Rahman ma ba ta ɗora wa Indiya laifin duka ba. Ta ce shigar soja cikin mulki ta lalata manyan hafsoshi da son giya da mata da filaye da gidaje, ta kuma ba da shawarar a gurfanar da wasunsu. An ɓoye rahoton har shekarar 2000, ba kuma wanda aka gurfanar.

Cikin watan Fabrairu 1974, a taron shugabannin ƙasashen Musulmi a Lahor, Pakistan ta amince da Bangaladash, Mujibur Rahman ya halarta, suka rungumi juna da Bhutto. An yi sulhu, amma ihu ne bayan hari.

ABIN LURA

Rabuwa ita ma ba ta kawo adalci da kanta ba. Mujibur Rahman da ya yi kukan danniya, cikin 1975 shi ne ya soke jam'iyyu ya bar ɗaya, ran 15 ga watan Agusta na shekarar kuma wasu hafsoshi suka kashe shi da yawancin iyalinsa. Bhutto soja suka tumɓuke shi cikin 1977, suka rataye shi cikin 1979. 'Yar Mujibur Rahman, Shaikh Hasina, ta daɗe tana mulkin Bangaladash, sai ga shi cikin 2024 ɗalibai sun tashi a kan dokar da ta keɓe kashi 30 cikin 100 na guraben aikin Gwamnati ga zuriyar mayaƙan 1971. An kashe ɗaruruwa, ran 5 ga watan Agusta ta gudu Indiya. Ku duba fa, jama'a: maganar rabon aikin ofis da ta taimaka wajen raba Pakistan, ita ce ta sake tasowa bayan shekara 53, wannan karo tsakanin masu harshe ɗaya.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, 'yan'uwantakar Musulunci haƙƙi ce da ake biya, kamar bashi. Shugabannin Pakistan sun yi ta kiran sunan Musulunci a kan mumbari da rediyo, duk kuwa wanda ya tambayi ina kuɗin ramarsa, ko me ya sa ɗansa bai sami aiki ba, sai a ce maƙiyin haɗin kan Musulmi ne. Da haka suka jawo wa addini baƙin jinin da ba shi ya saya ba, har sabuwar ƙasar ta rubuta cikin tsarin mulkinta na 1972 cewa ta raba addini da mulki, ta kuma hana jam'iyyun addini na wani lokaci. Wanda ya fake da addini ya ci haƙƙin ɗan'uwansa ya yi ɓarna biyu, ya cuci mutum, ya kuma sa ana zargin addinin.

Wannan zance bai tsaya kan janar-janar da firayim ministoci ba. Ƙasa ba ta rabewa rana ɗaya. Ta fara rabewa ne a teburin akawun da ya tura takardar wani ƙarƙashin tari saboda sunansa bai yi kama da na garinsu ba, da ofishin da aka ba ɗan gida lasin aka ce wa baƙo ya dawo gobe. Ta rabe a rumfar dillalin da ya san manomi ba shi da wani mai saye sai shi, ya karya masa farashi. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ganin abin da ya yi ƙarami ne, bayan ya gama kuma ya yi alwala ya shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da wanda ya cuta. Shekara ashirin na irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka taru suka zama daren 25 ga Maris.

Saboda haka, ya kai mai riƙe da alƙalamin Gwamnati, da kai mai riƙe da mudu da sikeli, idan wanda kuke salla tare ya zo da kuka, a fara duba gaskiyar kukansa kafin a tuna masa cewa Musulmi duk ɗaya ne. Idan kuma an yi alkawarin bin abin da jama'a suka zaɓa, to, a cika ko da bai yi daɗi ba, gama cika alkawari ba ya cikin abubuwan da addini ya bar wa son rai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan fitina, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna.